Ruwan Majiya da Lissafin Magina Madatsa

Gulbin Majiya ba ya gudu sai da damina. Yakan taso daga duwatsun Adar, ya ratsa ƙasar Malbaza da Tsarnawa, ya bi ta Birnin Ƙonni, sa'an nan ya ƙetare iyaka ya zube a tabkin Kalmalo cikin Nijeriya. Shekara da shekaru manoman kwarin suna kallon ruwan wata uku yana wucewa ja wur, su kuma su share wata tara suna jiran wani. Farin da aka sha daga 1968 zuwa 1974 shi ya sa hukuma ta ƙudura tare shi. Tsakanin 1976 da 1982, zamanin mulkin Seyni Kunce, aka gina gandun noman rani na Ƙonni kashi biyu, fili mai kimanin hekta 2,450, aka damƙa kula da shi ga ONAHA, ma'aikatar gandayen ban ruwa da aka kafa a 1978.

Akasarin gandayen shinkafa na bakin kogin Kwara inji ke ɗaga musu ruwa, kuɗin wutar kuma yana kan manomi. Na Ƙonni kuwa gangare ya dogara da shi. Madatsar Mozage tana tara ruwa ta sako wa ta Zango, daga nan babbar hanyar ruwa mai kilomita 15 ta kai shi ma'ajiyar Cerasa, ya rarrabu cikin gonakin alkama da masara da albasa. Tudun da ruwan yake a kai shi ne injinsa.

Lissafin da ya ba injiniyoyi wannan ƙarfin hali ya girmi madatsun da fiye da shekara 200. A 1738 Daniel Bernoulli ya nuna cewa tsawon da ruwa ya tsaya a kai, da matsinsa, da gudunsa, dukiya ɗaya ce mai sauya kama, wato ƙarfin aiki. Ruwan da ya faɗo daga mita 5 yakan isa ƙasa da gudun kusan mita 10 a daƙiƙa, kilomita 36 a awa ke nan. In gudun ya ninka biyu, ƙarfin aikinsa huɗu yake ninkawa. To, a nan haɗarin yake. Ranar da madatsa ta cika ta tumbatsa, ambaliyar da ke zubowa ta mafitarta tana iya ƙwaƙule gindin ginin har ya rufta. Maganin shi ne a tilasta wa ruwan ya yi tsalle cikin wani kwarmin siminti: siririn ruwa mai gudu ya ci karo da mai zurfi, ya tashi ya tafasa da kumfa, ya fito a sanyaye.

Wannan tsalle ya taɓa ɓatar da gwani. A 1828 injiniyan Faransa Jean-Baptiste Bélanger ya auna tsawonsa da ma'aunin ƙarfin aiki, amsar kuwa ta karkace, domin a cikin tafasar wani kaso na ƙarfin yana salwanta, ya koma zafi da ƙara. Bayan kamar shekara goma ya sake lissafin da ma'auni na biyu, ƙarfin tunkuɗa, wato yawan ruwa sau gudunsa, wanda tafasa ba ta cinyewa, sai dai wani abu ya tokare shi. Amsar ta zauna daidai, kuma har yau da sunansa ake koyar da ita. Ɗalibin da ya haddace ƙa'idojin biyu bai gama ba tukuna. Gwanintar tana ga sanin wadda za a ɗauka a wace gaɓa.

Sai dai dokar da ta kawo ruwa kyauta ita ce take cin madatsun a hankali. Ruwa mai gudu yana ɗauke da yashi da laka, jan nan da ake gani ƙasar gonakin tudu ce. Da ya shiga tabkin madatsa gudunsa ya mutu, sai ya sauke kayansa a ƙasa. Kowace damina cikin Mozage da Zango yana ƙara cikewa, ruwan rani yana raguwa, filin da ake iya nomawa da rani ya tsuke, mai gonar ƙarshen hanya kuwa shi ke fara ganin bushewa. Yarjejeniyar da Nijar ta ƙulla da Amurka a 2016, ta dala miliyan 437, ta haɗa da gyaran hanyoyin ruwan Ƙonni. Gyara ne mai amfani, amma siminti a hanya ba ya hana tudu zaizayewa.

Wurin da ya kamata a karya gudun ruwan shi ne can sama, tun yana ɗigo. Maƙwabta sun riga sun gwada. A ƙarshen shekarun 1980 wasu manoman ƙasar Illela suka ziyarci Yatenga ta Burkina Faso, suka dawo suka inganta tassa, ƙananan ramukan shuka da ake zuba wa taki, tare da rabin wata da jerin duwatsu a kan fako. Kowane rami yana tare ruwan tun bai yi gudun ɗaukar ƙasa ba. A wajen Badagishiri har fakon da aka yi watsi da shi ya koma abin saye da sayarwa.