Lifidin Kakanninmu: Da Me Aka Yi Shi, Kuma Yaya Za A Maido Da Shi?



Duk wanda ya saba kallon hawan Sallah a Kafanchan ko Zariya ya san yadda ake yi wa dawaki ado. Amma da za ka matsa ka taɓa wasu kayan da ake kira lifidi a yau, sai ka ji soso ne a ciki, an lulluɓe shi da yadin kanti. Ido zai gamsu, amma ba shi ne abin da kakanninmu suka shiga fagen daga da shi ba.

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da sulke da kwalkwali cikin yaƙin Hausawa. Dalilin kuwa kibiya ce. Maharba na shafa wa kibansu dafi, ko ƙwarzane ta yi wa doki ko mahayi sai a shiga uku. Shi ya sa aka ɗinka riga mai kauri, aka cusa mata auduga, har kibiya ta maƙale kafin ta kai ga fata.

Aikin hannu ne tun daga gona. Mata su gurje auduga, su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari. Masaƙi ya zauna da ƙoshiyarsa ya fitar da siririyar saƙa mai faɗin 'yan yatsu, a harhaɗa ta zama zane, wani a kai shi marina a tsoma a baba. Sannan maɗinki ya haɗa zane biyu, ya cusa auduga ko audugar rimi a tsakani, ya bi da allura layi-layi don kada ta dunƙule waje guda. Doki da nasa, mahayi da nasa.

Lifidi na da nauyi ƙwarai. Baturen nan Kilafaton, wanda ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kai wa Gobirawa hari a 1826, ya ba da labarin cewa sai an taimaka wa ɗan lifida kafin ya hau doki. Ga zafi, ga tsoron wuta. Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, harsashi ya nuna auduga ba ta tare shi. Daga nan lifidi ya koma kayan hawa.

Saƙar ma ta bi baya. Jirgin ƙasa da ya iso Kafanchan wajen 1927 ya sauƙaƙa shigowar yadin Turai, sannan aka buɗe masaƙar zamani ta Kaduna a 1957. Yadin inji ya fi arha, masaƙan gargajiya suka yi ta raguwa.

A Turai akwai masu sake saƙa mayafin sojan Rum na dā. Zane ne mai kusurwa huɗu na gashin tumaki, da ake maƙalewa a kafaɗa. Sukan auna zaren da tsumman da aka tono a Bindolanda, a arewacin Ingila, don kada su kauce wa asali. Su ƙasa suke tonowa. Mu kuwa har yanzu muna da tsofaffin da suka riƙe mazari da hannunsu.

Saboda haka mai son maido da lifidi na gaskiya ya fara da zaren hannu, ya nemi masaƙin gargajiya, ya guji soso da ɗinkin keke. In akwai tsohon lifidi a gidanku, kada a jefar don ya yage. A ɗauki hotonsa, a auna tazarar ɗinkin, a tambayi dattawa sunan kowane sashe tun suna raye. Da tsohuwar zuma ake magani.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu gama lafiya.

Sakatare