Christopher Hitchens (1949–2011): Mulhidin da Ya Mayar da Muƙabala Sana'a

A ranar 15 ga Disamba, 2011, Christopher Hitchens ya mutu a wani asibiti da ke birnin Houston na Amurka, yana da shekara 62, bayan jinyar sankarar maƙoshi ta kimanin shekara ɗaya da rabi. An haife shi a Ingila a 1949, ya yi karatu a Jami'ar Oxford, ya fara aikin jarida a matsayin ɗan gurguzu, daga bisani ya koma Amurka, inda ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa a 2007.

Tarihinsa da al'ummar Musulmi ba mai fuska ɗaya ba ne. A 1988 shi da Edward Said suka shirya littafi kan zaluncin da ake yi wa Falasɗinawa, kuma ya tsaya wa Musulmin Bosniya lokacin da ake yi musu kisan gilla. Sai dai shi ne kuma ya kare Salman Rushdie a 1989, ya zama ɗaya daga cikin masu kaifin harshe wajen goyon bayan mamaye Iraƙi a 2003, bai kuwa janye ba duk da jinin da aka zubar.

Littafinsa God Is Not Great, wanda ya fito a 2007, shi ya kai sunansa duniya. Ya ware babi guda ga Alƙur'ani, yana da'awar cewa an aro shi ne daga labaran Yahudu da Nasara. Ɗalibin tafsiri ba zai ga sabon abu a nan ba, domin Ƙuraishawa sun riga shi faɗa, kuma aya ta 103 a Suratun Nahl da ayoyi na 4 zuwa 6 a Suratul Furƙan sun kawo zargin tare da amsarsa. Hitchens bai san Larabci ba. Ya dogara ne da fassarori da kuma marubuta irin su Christoph Luxenberg, wanda hasashensa na karanta Alƙur'ani da Suryananci bai samu karɓuwa ba a wurin mafi yawan masana fannin, hatta a Turai.

Ƙarfinsa yana kan dandamali. Yana da hadda, da fasahar magana, da iya sa jama'a dariya a kan abokin hamayya. A Oktoba 2010, cutar tana cinsa, ya yi muƙabala da Tariq Ramadan a New York kan ko Musulunci addinin zaman lafiya ne. A watan da ya biyo baya ya kara da Tony Blair a Toronto. A irin wannan fage, mai bayanin ilimi yana buƙatar minti goma don warware abin da mai ba'a ya ƙulla da jimla ɗaya, kuma masu sauraro ba sa jira.

Magabata sun san irinsa. Ibnur Rawandi, a ƙarni na uku bayan Hijira, ya soki annabci da harshe mai zafi. Littattafansa sun ɓace. Abin da ya saura na maganganunsa yana cikin raddin abokan hamayyarsa ne, kamar Kitabul Intisar na al-Khayyat, wanda yakan kawo lafazin mutumin tukuna, sannan ya rushe shi. Martanin da aka yi wa Hitchens a harsunan Musulmi bai kai wannan matakin na tsanaki ba. Zagi ya fi yawa, karatun abin da ya rubuta ya yi kaɗan.

Lokacin jinyarsa wasu Kiristoci sun ware ranar yi masa addu'a, ƙanensa Peter kuwa, wanda ya baro ilhadi ya koma Kiristanci, ya riga ya wallafa littafin da ke ƙalubalantar matsayinsa. Hitchens ya gargaɗi jama'a da kada su gaskata duk labarin da zai ce ya tuba a gargarar mutuwa. Bisa wasiyyarsa, an miƙa gawarsa ga masu binciken likitanci.