Savannah, 1864: Birnin da ya Miƙa Wuya

Idan muna karanta tarihin yaƙin basasar Amurka, hankalinmu kan tafi ga garuruwan da aka ƙone. Savannah, birnin tashar jiragen ruwa a jihar Jojiya, ba ya cikinsu, domin ya miƙa wuya.

A watan Disamba na 1864 Janar William Sherman ya iso bakin birnin da sojojin Arewa kimanin dubu 60. Kwamandan 'yan awaren Kudu, Janar William Hardee, ya ga ba zai iya ja da su ba. A daren 20 ga wata ya tsallakar da dakarunsa kogin Savannah. Kafin gari ya waye, magajin garin, Richard Arnold, ya fita ya miƙa birnin, yana roƙon a kare rayuka da dukiyar mazauna. Ranar 22 ga wata Sherman ya aika wa Shugaba Lincoln saƙo cewa ga birnin nan kyautar Kirsimeti, haɗe da manyan bindigogi 150 da auduga kimanin ɗauri dubu 25.

Gidajen attajirai sun tsira. Sai dai mu tambaya: ina makomar waɗanda guminsu ya noma audugar? Bayi ne, jikokin mutanen da aka kwaso daga Afirka, kuma dubbansu sun biyo rundunar suna neman 'yanci.

Ranar 12 ga Janairu, 1865, Sherman da sakataren yaƙi Edwin Stanton suka zauna da shugabannin cocin baƙar fata 20. Kakakinsu, Garrison Frazier, dattijon da ya fanshi kansa da kuɗinsa, ya ce abin da suke buƙata shi ne gonar da za su noma da hannunsu. Bayan kwana huɗu Sherman ya ba da umarnin a raba musu filayen gaɓar teku daga Karolina ta Kudu zuwa arewacin Florida, kowane gida har eka 40.

Abin bai yi ƙarko ba. An kashe Lincoln a watan Afrilu, kuma kafin shekarar ta ƙare magajinsa, Andrew Johnson, ya sa aka mayar wa tsofaffin iyayengiji mafi yawan filayen.

Tsofaffin gine-ginen Savannah suna nan har yau, masu yawon buɗe ido na kai musu ziyara. Su kuwa waɗanda aka yi wa alkawarin gona, da yawansu sun koma ƙwadago a gonakin da aka karɓe musu.