'Yan daudu, Turawa da dokar da aka rubuta a Kaduna

1/ Jiya a bakin Babbar Kasuwa, wajen masu abinci, na ji wani matashi yana ce wa wani ɗan daudu mai soya kaji: "Ku ne Turawa suka turo ku lalata mana gari." Mutumin ko ɗagowa bai yi ba. Ni kuwa maganar ta tsaya min a rai. Zaren nan da tsawo, a daure a karanta kafin a zage ni.

2/ Mu fara raba abu biyu da ake cakuɗawa. Daudu daban, luwaɗi daban. Ɗan daudu namiji ne mai maganar mata, tafiyar mata, sana'ar mata. Da yawansu suna da mata da 'ya'ya, wasu ma alhazai ne. Akwai mai harka da maza a cikinsu, akwai wanda babu ruwansa. Akwai kuma mai harkar da ba za ka taɓa ganewa ba, yana cikin babbar riga.

3/ To shin Bature ne ya kawo daudu? Sunan kansa ana danganta shi da Ɗan Galadima, wato Daudu, ɗaya daga cikin iskokin bori. Bori kuwa ya girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba, ai tun zamanin jihadin 1804 malamai ke yaƙi da shi. Turawa sai 1903 suka ci Kano da Sakkwato.

4/ Ku tambayi kakanninku. A tashoshin mota da bakin kasuwa 'yan daudu ke tuwo da suyar kaji. A gidan biki su ke riƙe tukunya, su ke habaici ana shewa. Ba na ce ana girmama su ba, a'a. Ana musu ba'a, ana musu wa'azi, amma ana cin abincinsu, in sun mutu a yi musu salla. Wani Ba'amurke, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano shekarun 1990, ya fitar da littafi a kansu a 2009. Samunsu ya yi, ba shi ya kawo su ba.

5/ Abin da Bature ya kawo a rubuce shi ne dokar ɗauri. A 1904 Gwamna Lugga ya kafa wa Arewa kundin laifuffuka da aka kwaikwayo daga na Kwinsland ta Ostareliya, a 1916 aka shimfiɗa shi a duk Najeriya. A ciki akwai ɗaurin shekara 14 kan saduwar da suka kira saɓa wa ɗabi'a.

6/ Daga nan labarin ya dawo garin nan namu. Gab da 'yancin kai, gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana shari'a a 1958, ciki har da Alƙalin Alƙalan Sudan, Abu Rannat. Majalisar Arewa da ke zama a Lugard Hall ta zartar da Final Kod a 1959, ya fara aiki 1960. An gina shi kan kundin Sudan, shi kuma na Sudan kan wanda Ingila ta rubuta wa Indiya a 1860.

7/ Sashe na 284 ya maimaita shekara 14. Sashe na 405 kuma ya sa namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a cikin jerin 'yan zaman banza. Ka ga ɗan daudun da kakarka ke sayen waina a wajensa ya wayi gari doka na iya kama shi saboda zane.

8/ Abin dariyar, Ingila ta soke tata dokar a 1967, kotun ƙolin Indiya ta soke sashe na 377 kan manya masu yardar juna a 2018. Ku kuma leƙa Maraɗi: Hausawa ne, Musulmi ne, danginmu na Katsina. Amma da yake Faransa ta cire wannan laifi daga kundinta tun 1791, Nijar ta yi shekaru da dama bayan 1960 ba ta da dokar ɗaure manya a kansa. Maraɗi ba ta fi Katsina lalacewa ba.

9/ Na san amsar da ke zuwa: "Malam, ba Bature ya haramta ba, Allah ne." Gaskiya ne, haramcin a fiƙihu ya riga Lugga da ƙarnoni, kuma hukuncin Malikiyya mai tsanani ne. Ba zan yi muku ƙarya a nan ba. Amma fiƙihun da ya tsananta hukunci shi ne ya tsananta hujja: shaidu huɗu adalai da suka gani da ido, ko iƙirari ba tare da tilas ba, a gaban alƙali. Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane. Wanda ya yi ƙazafi ba shaidu, bayansa ne ke shan bulala 80.

10/ Yanzu ku gwada wannan da abin da muka gani. Zamfara ta fara shari'a a 2000, jihohi 11 suka bi. Ranar 7 ga Janairu 2014 Jonathan ya sa hannu kan dokar hana auren jinsi: shekara 14 ga ma'aurata, 10 ga mai halarta ko mai ƙungiya. A watan nan jama'a suka yi ta jifan kotun shari'a a Bauchi, suna neman a kashe mutanen da ba a ma gama sauraron shari'arsu ba. A Fabrairu aka bi gida-gida a Gishiri ta Abuja ana fito da samari ana duka.

11/ Afrilun 2017, nan Zariya, aka kama mutum 53. 'Yan sanda suka ce bikin auren maza ne, lauyansu ya ce bikin zagayowar haihuwa ne kuma yawancinsu ɗalibai. Oktoban 2023 aka kama 76 a Gombe. Ko kotu ta sake ka, sunanka ya riga ya zaga WhatsApp, mai gida ya kore ka, kasuwa ta guje ka. Sashe na 36 na tsarin mulki ya ce ba ka da laifi sai kotu ta tabbatar, na 34 ya hana azabtarwa. Ba a rubuta "ban da ɗan daudu" ba.

12/ Masu cewa "yaranmu fa?" ina tare da ku. Amma fyaɗe wa yaro fyaɗe ne, ko mace ko namiji, kuma Kaduna ta tsananta dokarsa a 2020. Mai yinsa sau da yawa wanda aka yarda da shi ne a gida ko a unguwa, ba sai mai rangwaɗa ba. In muka tare a kan mai rangwaɗa, wancan ya samu mafaka.

13/ Akwai kuma lafiya. Binciken da aka yi a Abuja, aka buga a Lancet HIV a 2015, ya nuna bayan dokar 2014 masu harka sun ƙara jin tsoron zuwa asibiti. Ku tuna da yawansu magidanta ne. Wanda ya ƙi gwajin ƙanjamau don tsoron kamu, gida yake komawa wajen matarsa.

14/ Ku lura kuma da waɗanda ake jerawa a gaban kyamara: tela, ɗalibi, mai tuwo. Mai katanga da maigadi ba a fasa masa ƙofa.

15/ Matashin nan na jiya, bayan ya gama faɗa, abokinsa ya sayi cinya biyu a wajen mutumin, a yaji sosai. Tare suka ci.