Makahon Malamin Lissafi da Yaron Tela

Duk wanda ya zauna ajin lissafi a lise ya gamu da sunan Euler, ko a darasin kusurwa uku, ko wajen harafin nan e da ke hana mu barci in jarrabawa ta matso. Abin da ba a gaya mana a aji shi ne kusan rabin aikin mutumin nan ya yi shi ne bayan idonsa ya tafi. Kuma ba shi kaɗai ya yi ba.

An haifi Leonhard Euler a Basel, ƙasar Suwis, a 1707. Yana ɗan shekara ashirin ya tafi Rasha aiki a cibiyar masana kimiyya ta birnin San Petersburg. Wajen 1738 idonsa na dama ya mutu. Da ido guda ya yi shekara 25 a Berlin, inda sarki Frederick na biyu yake yi masa ba'a a kan haka. A 1766 sarauniya Catherine ta maido shi Rasha, yana da shekara 59. Bai daɗe da sauka ba yana ta fara rufe idon hagun.

To, a nan labarin ya fi daɗi. Akwai wani saurayi da Euler ya taho da shi daga Berlin don hidimar gida. Ɗinki ya koya, lissafinsa bai wuce na kasuwa ba. Euler ya zaunar da shi, ya ce ya ɗauki alƙalami. Tsoho yana faɗa, yaro yana rubutawa, har suka gama littafin koyon aljabara tun daga tushe, wanda ya fito da Jamusanci a 1770. Gabatarwar littafin ta ce kafin a kai ƙarshe yaron ya iya warware matsalolin da kansa. Ni a ganina makantar ce ta gyara littafin. Malamin da ke gani sai ya cika allo da alli ya wuce, wanda ya gane ya gane. Wanda ba ya gani kuwa dole ya jira ɗalibi ya maimaita masa abin da ya ji, in bai zauna ba a sake. An yi ta fassara littafin ana karantar da shi shekaru da yawa. Sunan telan dai gabatarwar ba ta ga damar ambata ba.

Shekarar 1771 ta zo masa da wuya. Gobara ta tashi a birnin ta ci gidansa. Wani mai aikin hannu ɗan garinsu, Peter Grimm, shi ya kutsa cikin wuta ya goyo shi ya fito da shi. Kayan gida sun ƙone, amma takardun aikinsa sun tsira. Cikin shekarar aka yi masa aikin cire yanar. Ya ga haske na ƴan kwanaki, sai ciwo ya shiga idon, ganin ya tafi ke nan. Ku tuna zamanin babu allurar kashe zafi, babu maganin ƙwayoyin cuta. Aikin da a yau likita yake gamawa cikin ƙasa da awa guda, a lokacin caca ce. Bayan shekara biyu kuma matarsa Katharina ta rasu.

Yaya ya ci gaba? Ƙwaƙwalwarsa abin mamaki ce, wannan gaskiya ne, yana iya jan dogon lissafi a ka ba takarda. Amma kai kaɗai ba ya buga littafi. Yakan rubuta manyan haruffa da alli a kan allo, mataimakansa su kwafe, su cike lissafin, su karanta masa, ya gyara. Ɗansa Johann Albrecht da wasu masana biyu, Krafft da Lexell, su suka taya shi babban aikinsa a kan tafiyar wata da ya fito a 1772, shafi sama da 700. Sannan Daniel Bernoulli ya turo masa wani yaro daga Basel, Nicolas Fuss, bai kai shekara ashirin ba. Fuss ya zama idonsa har ƙarshe. A 1775 kaɗai, kusan kowane mako sai sun fitar da sabuwar takardar bincike.

Abin da na lura da shi, babu wanda ya shimfiɗa masa tabarma a ƙuryar ɗaki ya ce baba huta, kamar yadda muka saba yi wa tsofaffi da sunan tausayi. Aiki suka riƙa kawo masa, su ma suna ƙaruwa. Fuss ɗin nan ya auri jikar Euler, daga baya ya zama magatakardan cibiyar.

Ranar 18 ga Satumba 1783 Euler ya yi lissafin tashin balan-balan, abin da ake yayi a Faransa a shekarar. Ya ci abinci da Lexell suna hirar sabuwar duniyar Uranus da aka gano a 1781. Da yamma yana wasa da jikansa jijiya ta fashe masa a ƙwaƙwalwa, ya cika cikin daren, yana da shekara 76. Takardun da ya bari a hannun mataimakansa sun sa cibiyar ta ci gaba da buga sabon aikinsa sama da shekara 40 bayan an rufe shi.