Sammako a Hanyar Jibiya: Yadda Magabata Suka Karanta Safiya

A wannan mako za mu leƙa Jibiya, ƙofar da ke tsakanin Katsina da Maraɗi, mu ga yadda safiya ta daɗe tana yanke wa matafiyi hukunci tun kafin a san shingen kwastan.

Bayan jihadi ya ci Katsina a 1807, sarakunanta na Haɓe suka yi arewa, suka kafa Maraɗi wajen 1819. Tsakanin biranen biyu, tafiyar kimanin kilomita 90, ya zama dajin hari da kwanton ɓauna, musamman zamanin Sarkin Maraɗi Ɗan Baskore. Da rani ake yaƙi, da rani kuma fatake ke tafiya, domin da damina gulabe na cika, jama'a na gona. Saboda haka madugu ba ya tayar da ayari sai ya duba sama da asuba. Kuskuren safiya ɗaya na iya sa dare ya riski ayari a daji, ba zango, ba rijiya.

Me yake dubawa? Da hunturu, iska daga arewa maso gabas take zuwa, ɗauke da ƙurar Sahara. In rana ta fito fara fat kamar faifai, hazo zai wuni. Rana ba za ta dami dabba ba, amma ido ba ya kai nesa, ayari na iya rabuwa, mahara kuma sun sami mayafi. Da bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, da fitowar Gamzaki ake ɗaura kaya, a ci hanya kafin hantsi, a fake a inuwa sai la'asar. Da damina kuwa gabas ake kallo, domin a wannan yanki daga can hadari yake tasowa. In iska ta juyo daga kudu maso yamma, safiya ta zo da raɓa da gumi, manomi ya san lokacin gyara iri ya yi.

Tsakanin 1906 da 1908, Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka kafa alamun iyaka. Jibiya ta faɗa Najeriya, Ɗan Isa ta faɗa Nijar. Sun raba ƙasa, amma ruwa bai san da su ba. Kogin da ya bi ta Jibiya shi ne Gulbin Maraɗi. A 1945 ambaliyarsa ta cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari, har aka mayar da birnin kan tudu. Darasin nan mai nauyi ne: sama na iya wayewa garau a kanka, alhali ruwan da aka kwana ana yi a ƙasar Katsina yana tafe ta gulbi. Mai hankali yakan duba sama, ya kuma duba launin ruwa da tarkacen da ya kwaso.

Yau akwai hukumar NiMet a Najeriya, akwai cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974 bayan babban fari, hasashen yanayi kuma ya shigo waya. Siyasa ta rufe iyakar Magama a 2019, ta sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Duk da haka, mai kai kaya kasuwar Jibiya ranar Lahadi bai daina ɗaga kai da asuba ba. Mai tumatir na tsoron rana, mai hatsi na tsoron hadari, direba na tsoron hazo.

Ga inda abin ya shafe mu. Labaranmu da yawa da "gari ya waye" suke farawa, shi ke nan, kamar duk safiya ɗaya ce. In za ka rubuta labarin bafatake ko direban kan iyaka, ka tambayi kanka: wane wata ne, daga ina iska take, kuma me wannan safiyar ta hana shi yi? Ka zauna da tsofaffin garinku, ka rubuta kalmominsu, irin su buji da marka da jaura, tun suna raye. Allah Ya ƙara mana basira.