Daga "Kabari Kusa" Zuwa Yau: Tarihin Tsoron Ƙanjamau a Yankinmu

Yau za mu taɓo zancen da mutane ke yi ƙasa-ƙasa a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, wato ƙanjamau, da fargabar da ke hana wasu matasa barci bayan wata mu'amala da suka yi.

Tsoron nan yana da tarihi. A watan Yunin 1981 ne hukumar CDC ta Amurka ta fara ba da rahoton wasu samari biyar a birnin Los Angeles da garkuwar jikinsu ta rushe. A 1983 masana a Cibiyar Pasteur ta Faransa suka gano ƙwayar cutar. A Najeriya kuwa, a 1986 aka ba da sanarwar farko. Lokacin nan babu magani mai riƙe ta. Mutum ya rame, ya ƙanjame, ya mutu a gaban 'yan'uwansa. Daga nan sunan ƙanjamau ya fito, wasu ma suna ce mata "kabari kusa". Aka shiga gudun kofin mai ita, da tabarmarsa, har da gaisawa da shi.

A watan Agustan 1997 mawaƙi Fela Kuti ya rasu, sai yayansa Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, tsohon ministan lafiya, ya fito ya faɗa wa duniya cutar da ta kashe shi. Wannan ya girgiza masu cewa ƙaryar Turawa ce. Zuwa 2001 alƙaluman gwamnati sun kai kashi 5.8 cikin 100. A 2002 aka fara raba maganin rage kaifin cutar, a 2006 ya zama kyauta. Babban binciken NAIIS na 2018 ya nuna an sauko zuwa kashi 1.4 a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49, kuma Katsina na cikin jihohin da suka fi ƙarancin masu ita, kusan kashi 0.3.

To, kun ga abin da ya faru? Cutar ta sauya hali saboda magani, amma tsoron da muka gada yana nan yadda iyayenmu suka bar shi.

Ga abin da bincike ya nuna. Ƙwayar tana bi ne ta jini, da maniyyi, da ruwan gaban mace, da nono. Ba ta bi ta yawu ko gumi ko cizon sauro, balle cin tuwo a kwano ɗaya. A ƙididdigar CDC, idan aka sadu sau 10,000 da mai ɗauke da ita wanda ba ya shan magani, ba tare da kwaroron roba ba, ana sa ran mace ta kamu sau 8, namiji sau 4. Ta dubura kuwa, ga wanda aka zo wa, ya kai 138. Kada wani ya ji haka ya ce ashe banza ce. Sau ɗaya ma yana iya zama ranar, kuma haɗarin yana ƙaruwa idan akwai ciwon sanyi, ko rauni a gaba, ko kuma ɗayan bai daɗe da kamuwa ba. Addini dai ya riga ya yi mana iyaka, mu a nan lissafin lafiya muke yi.

Sai wani babban sauyi. Binciken HPTN 052 na 2011 ya nuna shan magani da wuri yana rage yaɗuwa tsakanin ma'aurata da kashi 96. Binciken da ya biyo baya ya tabbatar da cewa wanda ke shan magani kullum har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jininsa ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar saduwa. Ma'ana, mai ita zai iya aure, ya haifi 'ya'ya lafiyayyu.

Yanzu mu dawo gida. Duniya ta san Ƙanƙara da sace ɗaliban makarantar kimiyya a Disamban 2020, amma akwai abin da ba a faɗa da ƙarfi: matan da 'yan bindiga suka ci zarafinsu a ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. Akwai magani da ake kira PEP. Ana fara shi cikin awa 72 da faruwar abin, a sha kwana 28, yana kuma hana ƙwayar kama jiki in an fara da wuri. Idan aka ɓoye yarinya a ɗaki don gudun bakin mutane, kwana ukun nan za su wuce. Wadda ta daɗe a daji ma a kai ta gwaji, domin in an samu, magani na nan. Babu laifinta a ciki ko kaɗan.

Kai kuma ɗan'uwa da ka kwana kana binciken alamomi a Google: zazzaɓi da ƙuraje da ciwon jiki ba su tabbatar da komai, maleriya da taifot ma haka suke zuwa, damuwar kanta tana hana cin abinci har ka rame. Gwaji kaɗai ke raba gardama. Gwajin yatsa yana iya ɗaukar har kwana 90 kafin ya gano ƙwayar, don haka ka je babban asibitin Ƙanƙara ko na Funtuwa, in bai nuna ba ka maimaita bayan wata uku. In ya sake fitowa babu, kuma ba ka sake shiga haɗari ba, to babu. In har fargabar ta ƙi barinka, ka faɗa wa likita, ita ma ana maganinta.

Ku tura wa wanda kuka san yana cikin wannan hali. Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.